Waɗanda aka yi wa hoton jijiyoyin jini saboda raunin gaba, ku ba mu labari

Baban Sadiƙ, Tudun Wada

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Maganar tana da nauyi a baki, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na daɗe ina fama da ciwon suga, kuma tun bara ƙarfina ya ja baya wajen iyali, har abin ya soma taɓa zaman gida. Likitan mafitsara ya auna suga da kitsen jini da sinadarin maza na safe, ya ɗora ni a kan ƙwayar ƙarfin maza, sauƙin bai taka kara ya karya ba. Yanzu ya rubuta mini hoton jijiyoyin jini na gaba, wanda suke kira dofla, ya ce sai an yi allura a wurin. Tun da na ji batun allurar nan hankalina bai kwanta ba. Don Allah duk wanda aka taɓa yi wa, ya faɗa mini gaskiyar abin da zan tarar.

Malamin makaranta, Samaru

Wa alaikumus salam Baban Sadiƙ, Allah ya ƙara lafiya. An yi mini, kuma fargabar ta fi abin yawa.

Ɗaki ne mai duhu-duhu, daga kai sai likita, wani lokaci da mataimaki namiji. Ka kwanta rigingine, a rufe ka da zane, a bar wurin kawai. Na'urar irin ta sikanin mata masu ciki ce, sai dai kanta siriri ne. Za a shafa wani mai mai sanyi, a fara dubawa babu allura. Sannan a yi allurar a gefe, ba a kai ba. Tsininta bai wuce na insulin ba, kai da ka san suga ba baƙon abu ba ne a wurinka. Ni abin da na ji shi ne ɗan tsami-tsami a ciki bayan maganin ya shiga, ba hudar kanta ba. Sunan maganin da aka yi mini alprostadil, wasu wuraren papaverine suke amfani da shi. Aikinsa ya buɗe jijiyoyin, gaban ya miƙe ko babu sha'awa.

Daga nan likita zai riƙa aunawa duk bayan minti 5, har kusan minti 20 zuwa 30. A allon za ka ga ja da shuɗi suna motsi, kana jin ƙarar jinin fuu, fuu, daidai da bugun zuciyarka. Abu biyu yake nema. Na farko gudun jinin da ke shiga: idan ya haura santimita 30 a sakan, suna ɗaukar shigar lafiya, idan ya gaza 25, jijiyar ta tsuke. Na biyu ko jinin yana tsayawa bayan ya shiga. Akwai wata lamba da idan ta wuce 5 alhali shigar tana da kyau, sai su ce jinin yana zurarewa ta jijiyoyin da ke mayar da shi, shi ya sa mutum yake miƙewa amma ba ya jimawa.

Abin da nake so ka riƙe shi ne batun tsoro. Ranar farko jikina rawa yake, sakamakon ya fito kamar ina da zurarewa. Likitan bai yarda da shi ba, ya ce firgici yana tsuke jijiyoyin har ya rinjayi allurar. Aka sake mini wata rana, ya bar ni ni kaɗai na ɗan lokaci na natsu, sai ga lambobin lafiya lau. Ashe nawa damuwa ce da rashin barci suka taru. Da an tsaya a kan na farko, da yanzu ina yawo da cutar da ba ni da ita.

Ɗan Sabon Gari

Malam ya yi bayani, amma akwai abin da dole in ƙara. Ni mai sikila ne. Mu ba a yi mana wannan allurar, domin tana iya sa gaba ya miƙe ya ƙi kwanciya, kuma dama mu muna da wannan matsalar ko babu allura. Tun ina saurayi take tashe ni da tsakar dare, da zafi kamar raina zai fita, kuma babu wanda ya taɓa gaya mana a gida cewa tana da alaƙa da sikila. Da na yi aure rauni ya bayyana, likita ya duba ni da na'urar babu allura, ya ga tabo a cikin naman wurin, wanda wancan yawan miƙewar ya bari.

Don haka kafin a soka maka komai, faɗa musu jinotaif ɗinka, wato ko kana da sikila, ko ba su tambaya ba, da duk maganin tsinka jini idan kana sha. Kuma ko lafiyarka ƙalau, in ka koma gida abin ya kai awa 4 bai kwanta ba, kada ka jira gari ya waye, kada ka tsaya jiƙa tsumma. Ka nufi sashen gaggawa, ko a asibitin koyarwa na Shika ko duk babban asibitin da ya fi kusa. Jinin da ya maƙale yana kashe naman wurin. Iyayen yara maza masu sikila da ke karanta wannan, don girman Allah ku zaunar da su ku gaya musu.

Tsohon direba, Kwangila

Yarana, ni nawa ya wuce dofla. Na yi shekaru ina jan mota tsakanin Zariya da Kano da Sakkwato, sigari kuwa ba ta barin bakina. Raunin gaba ya riga komai zuwa, na ɗauka girma ne. Daga baya sai tafiya ta soma gagara. Daga gida zuwa masallacin unguwa, kafin in isa ɗuwawuna da cinyoyina sun riƙe, sai na tsaya na dafa bango, su saki, in ci gaba. Kowa ya ce sanyin ƙashi ne.

Likitan da Allah ya haɗa ni da shi ya sa yatsu a matsematsina yana neman bugun jini, ya daɗe yana lalube bai ji na kirki ba. Nan take fuskarsa ta canza, ya ce siti sikan za a yi na jijiyoyin ciki da ƙugu. Ya ce abubuwan nan uku in suka haɗu, ciwon ɗuwawu wajen tafiya, ɓacewar bugun jini a matsematsi, da mutuwar gaba, alama ce babbar jijiyar ciki ta toshe a inda ta rabu biyu ta gangara ƙafafu. Har suna gare shi, sunan wani likitan fiɗa na Faransa, Leriche.

Kafin hoton sai da aka auna ƙodata, domin ruwan da ake ɗurawa ta jijiyar hannu don jijiyoyin su fito a hoto, ƙoda ce ke tace shi. An tambaye ni ko ina da asma, ko wani magani ya taɓa tayar mini da borin jini. Baban Sadiƙ, idan abin ya kai ka ga wannan kuma kana shan maganin sugan nan metformin, ka faɗa, domin wasu ana dakatar musu da shi na awa 48 gwargwadon ƙarfin ƙodarsu. Da ruwan ya shiga, zafi ya ratsa ni daga wuya har mara, bakina ya yi ɗanɗanon ƙarfe, na rantse na saki fitsari a gadon. Ban saki ba, haka ruwan yake sa mutum ya ji. Suka ce in riƙe numfashi, gadon ya shige cikin zoben ya fito, shi ke nan.

Da aka nuna mini hoton, da idona na ga inda farar hanyar ta sirance kamar tiyon mai da datti ya cushe. Likitan ya ce jijiyar gaba faɗinta milimita 1 zuwa 2 ne kacal, ta zuciya 3 zuwa 4, don haka in kitse ya soma taruwa a jiki, ƙaramar ce ke fara kuka, sau da yawa shekara 2 zuwa 5 kafin zuciya ta nuna. Ya tura ni wajen likitan zuciya a ranar. Na jefar da sigari, ina kan maganin kitse da na hawan jini, ina tattaki bayan asuba. Ƙarfin bai dawo yadda yake ba, ba zan yi muku ƙarya ba, amma yanzu ina isa masallaci ban dafa bango ba.

Mai shago, PZ

Allah ya ƙara sauƙi Baba. Ni dai ra'ayina daban. An yi mini dofla, an ce jijiya ta tsuke, sannan aka mayar da ni kan maganin da nake kai tun farko, aka ce in rage ƙiba, in kula da suga. To me hoton ya ƙara mini? A wannan tsadar rayuwa, kuɗin da na kashe da ya sayi maganin wata da watanni. Kafin ka biya, ka tambayi likita kai tsaye: in sakamakon ya fito kaza, me zai canza a maganina?

Ma'aikacin ɗakin hoto, Hanwa

Tambayar mai shago tana kan hanya, kuma likitan kirki ba zai ji haushinta ba. A ɗakin hoto nake aiki. Yawancin masu raunin gaba ba sa bukatar hoto ko kaɗan. Hira da likita, awon hawan jini, suga, kitse da sinadarin maza sun isa a fara magani. Waɗanda na ga hoton ya yi wa amfani su ne wanda ƙwaya ta ƙi yi wa aiki bayan ya sha ta yadda ya kamata, da saurayin da bai taɓa samun cikakkiyar miƙewa ba, da wanda gabansa ya lanƙwashe, da wanda ya yi hatsari, da wanda ake shirin yi wa aiki. Baban Sadiƙ yana cikin na farko. Batun sa ƙarfen buɗe jijiya a cikin jijiyar ƙugu da ke kai jini gaba, wanda wasu ke gani a intanet su zo suna tambaya, har yanzu a matakin bincike yake, bai zama magani na kowa da kowa ba.

Abin da ke damuna shi ne masu zuwa da kansu, babu takardar likita, su ce a yi musu sikanin mara don a ga sanyi. Sikanin mara na yau da kullum mafitsara da ƙoda da furostet yake nunawa, ba ya auna jinin gaba.

Ɗan acaɓa a da, Ɗanmagaji

Ni ina cikin masu hatsarin. Mota ta kwashe ni a hanyar Kaduna, ƙashin ƙuguna ya karye, ina da shekara 27, aurena ko shekara bai yi ba. Na warke, na taka, amma can shiru. Ba suga, ba hawan jini, ban taɓa shan taba ba. Dofla ta nuna jini ba ya shiga sosai, sai aka tura ni wani gari aka yi mini na cikin jijiya. Sun kashe mini matsematsi da allura, suka zura siririn bututu ta jijiyar cinya har cikin ƙugu, suna fesa ruwan suna ɗauka, ni kuma idona biyu ina kallon silin. Abin da ya fi wuya shi ne bayan an gama: wani ya danne wurin da ƙarfi, sannan na kwanta awanni ba a yarda in lanƙwasa ƙafar ba.

An ga inda jijiyar ta yanke a gefe guda. Sun ce irina, matashi mai toshewa wuri ɗaya sanadin rauni, shi ne wanda aikin jona jijiya yake iya yi wa amfani, a ɗauko wata daga bangon ciki a haɗa da ta gaba. Sun kuma gaya mini gaskiya cewa karayar ƙugu tana taɓa jijiyoyin ji, waɗanda hoton nan ba ya nunawa, don haka babu tabbas. Ina nan ina tara kuɗi, ina shawara da iyalina. Ku sa ni a addu'a.

Maman Husna, Gyallesu

Ku yi haƙuri da shigowar mace cikin zancen maza. Allah ya ba ka lafiya ƙanena na Ɗanmagaji, ya saka wa matarka da alheri.

Maigidana yana da ciwon zuciya, yana da ƙwayar nan ta sa wa a ƙarƙashin harshe. Wani abokinsa ya kawo masa maganin ƙarfin maza a 'yar kwalba, ya ce zalla itatuwa ne. Daren da ya sha, ya miƙe zai shiga banɗaki sai jiri ya kwashe shi, gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf, na kira shi ba ya amsawa sosai. A asibiti likita ya ce ana yawan samun sinadarin Viagra a ɓoye cikin irin waɗannan kwalabe, shi kuwa in ya haɗu da maganin ƙarƙashin harshe, jini yana faɗuwa warwas. NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan marasa rajista, amma ga su nan a bayan mota da lasifika a bakin kasuwa.

Bayan ya murmure aka yi masa dofla, ni na raka shi na zauna a waje. Jijiyoyin ba su lalace yadda muka ji tsoro ba. Likita ya duba jakar magungunansa, ya ga ɗaya daga cikin na hawan jini yana iya kawo raunin, ya canza masa da wani. Ya ja masa kunne kada ya kuskura ya daina na hawan jini da kansa. Yaya Baban Sadiƙ, ka gaya wa maman Sadiƙ halin da ake ciki. Ni kafin in san ciwo ne, na ɗauka ya daina sona, na yi kuka a ɓoye ba kaɗan ba.

Baban Sadiƙ, Tudun Wada

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya, na ji, zan yi mata magana yau in sha Allahu. Saura tambaya ɗaya: ana zuwa da azumin abinci ne, kuma in sha ƙwayar da aka ba ni kafin in tafi?

Ma'aikacin ɗakin hoto, Hanwa

Dofla ba ta bukatar ka ƙi cin abinci, ka karya kumallo, ka sha maganin sugarka kamar kullum. Ƙwayar ƙarfin kuwa kada ka sha ranar sai in likitan da zai yi hoton ne ya ce ka sha, domin haɗuwarta da allurar tana ƙara haɗarin da ɗan'uwanmu na Sabon Gari ya faɗa. Ka tambaye shi tun yanzu yaushe za ka dakatar. Ka zuba duk kwalayen magungunanka a leda ka tafi da su, har na gargajiya. Ka nemi a ba ka lokacin safe, yadda awa 4 ɗin za su cika da rana tsaka likitoci suna nan, kuma kafin ka bar wurin ka karɓi lambar da za ka kira idan bai kwanta ba.