Akwai abinci a binciken ɗa'ar ƙirƙirarriyar basira, ko in haƙura in riƙe kotu?

'Yar Tudun Wada:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya sani ya buɗe mini ita sosai. Kada a tsaya a "ki dage da addu'a", addu'ar ina yi.

Shari'a na karanta a Kongo, harabar jami'ar ABU da ke Zariya, na yi makarantar lauyoyi a Bagauda, na gama hidimar ƙasa wata biyar ke nan. Yanzu ina zuwa ofishin wani lauya a Sabon Gari sau uku a mako, aikina jigilar fayil zuwa kotu da rubuta takardun cinikin fili. Ban raina ba, amma zuciyata ba ta wurin.

Gwaggona ce ta jawo. Bara na raka ta wani wurin rajista da ake ɗaukar zanen yatsa. Ta haura saba'in, ta ƙare ƙuruciyarta a sussuka da surfe can ƙauyenmu wajen Giwa, tafin hannunta kamar ƙirgi, ga lalle ya kama yatsun ya yi baƙi. Na'ura ta ƙi karanta ko ɗaya. Yaron da ke kan kwamfutar ya ce ta goga babban yatsa a goshi ya samu maiƙo, ta goga. Ya ce ta danna da ƙarfi, ta danna har hannun na rawa. Sau tara na ƙirga. Ƙarshe ya ture na'urar gefe ya ce, "Iya, ba ni na ƙi ba, na'ura ce ta ƙi." Muka kamo hanya, kuɗin mota ya tafi a banza, ita kuwa a mota sai tambayata take ko yawan alwala ne ya wanke mata zanen.

Maganar yaron nan ta tsaya mini a rai. A Kongo an koya mana duk inda aka tauye haƙƙi akwai wanda za a kai ƙara. To idan na'ura ce ta ƙi, wa ake kai wa sammaci? Daga nan na shiga karance-karance da 'yar datar da nake saye, har na ci karo da binciken Joy Buolamwini da Timnit Gebru na 2018. Sun gwada manhajojin da ke duba fuska su faɗi mace ce ko namiji, kuskurensu kan baƙaƙen mata ya kai kashi 34.7 cikin ɗari, kan fararen maza bai wuce 0.8 ba. Ashe akwai mutanen da aikinsu ke nan, bin diddigin irin wannan da rubuta wa gwamnati abin da ya kamata ta yi.

Tambayata ita ce, ni da ban iya rubuta manhaja ba, akwai ƙofata a wannan fanni? Digiri na biyu zan nema a nan ko waje? Kuma ana samun na tuwo? Babana ya ce bai sha wahalar biyan kuɗin Bagauda don in koma gardama da kwamfuta ba.

Malamin Samaru:

Wa alaikumus salam Barista. Aikin yana nan, sai dai ba ya zuwa da allo a ƙofar ofis. Masu yinsa a ƙasar nan sun watsu ne: wasu na jami'a a sashen shari'a ko kimiyyar siyasa ko kwamfuta, wasu na ƙungiyoyin bincike, wasu na hukumomi.

Duba abin da ya taru cikin 'yan shekaru. UNESCO ta fitar da shawarwarinta kan ɗa'ar AI, wato ƙirƙirarriyar basira, a Nuwamban 2021, ƙasashe 193 suka amince. An sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya a Yunin 2023, ita ce ta kafa hukumar NDPC. Tarayyar Afirka ta amince da nata tsarin a Yulin 2024, dokar Tarayyar Turai ta fara aiki a Agustan 2024, a Agustan dai kuma ma'aikatar sadarwa ta minista Bosun Tijani ta fitar da daftarin tsarin AI na ƙasa. Hukumar bunƙasa fasahar zamani NITDA tana da cibiyarta ta AI, wato NCAIR, a Abuja. Takardu kam an rubuta. Wanda zai ɗauki takardar ya je Giwa ya gani ko ta yi daidai da abin da ke ƙasa, shi ne ya yi ƙaranci.

Batun manhaja, ba sai kin zama injiniya ba, amma kada ki yarda ki shiga da Turancin lauyoyi kaɗai. Ki koyi ƙididdiga har ki san me ake nufi da samfur, me ake nufi da yawan kuskure, kuma ki taɓa Python, yaren rubuta manhaja, ko da na wata uku ne. In ba haka ba, injiniya zai ce miki "na'urarmu tana daidai kashi 99 cikin ɗari" ki tafa masa, ba ki tambaye shi a kan yatsun su wa aka gwada ta ba. Wannan tambayar ita ce rabin aikin. Mu da muka riski marigayi Dokta Bala Usman, masanin tarihin nan, mun san yadda yake tsare ɗalibi: wa ya rubuta wannan takarda, yaushe, don wa? Tambayoyin nan ne ake yi wa bayanan da aka horar da na'ura da su, suna kawai aka canja.

Amma kada in ruɗe ki da jami'a. Albashin kin san shi, yajin aikin 2022 wata takwas muka yi a gida, tallafin asusun manyan makarantu na TETFund kuma na wanda ya riga ya zama ma'aikaci ne. Idan za ki yi digiri na biyu a Kongo, ki fara nemo malamin da zai yarda ya duba miki wannan batu kafin ki sayi fom.

Lauyan PZ:

Ƙanwata, ni zan zama mai ɓata biki. Shekara goma sha huɗu ina sa baƙar riga, na ga yayi iri-iri. Rabin abin da ake kira "manufofin AI" taron otal ne a Abuja, a ci shinkafa, a ɗau hoto, a watse. Kuɗin kuma na masu ba da tallafi ne daga waje. Da Amurka ta rufe famfon hukumar tallafinta ta USAID a farkon 2025, ƙungiyoyi nawa suka sallami ma'aikata?

Kuma in gyara miki a matsayin abokin sana'a. Na san za ki ruga sashe na 37 na dokar 2023, wanda ya ba mutum damar ƙin hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke a kansa. Lauyan ɗaya ɓangaren zai ce na'ura ba ta yanke komai ba, kasa karantawa ta yi, ma'aikaci ne ya sallame ku. Wannan gardamar a kotu ake yinta, ba a taron otal ba.

In kina son fannin, ki shiga ta ƙofar da ke biya. Dokar ta wajabta wa manyan masu riƙe bayanai su naɗa jami'in kare bayanai, bankuna da asibitoci da makarantu suna nema. Ki yi kwas ɗin, ki riƙe lasisinki. Kada a ga hadari a zubar da ruwan tulu.

Maman Ilham:

Barista na PZ ya faɗi gaskiya, amma rabinta. Ni 'yar Gyallesu ce, kimiyyar siyasa na karanta a Samaru, shekarata huɗu a wata ƙungiyar bincike a Abuja. Bari in faɗa miki yadda makona yake, don kada ki zaci kullum muhawara ce mai daɗi. Karanta ƙudurin doka shafi sittin, tace shi zuwa shafi huɗu da ɗan majalisa zai iya karantawa a mota, rubuta takardar da za mu miƙa a zaman jin ra'ayin jama'a, sannan rahoton kashe kuɗi ga masu tallafi, wanda shi ya fi cin lokaci. Kwantiragina wata goma sha biyu ne, duk Disamba gabana na faɗuwa. Albashin ya fi na ƙaramin lauya, kuɗin hayar Abuja kuma yana jiransa.

Akwai wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Sau da yawa ana gayyatata taro ne don a ga hijabi a kan dandamali, a ba ni minti uku a ƙarshe. Na taɓa shirya bayani kan manhajojin bashi da ke aika wa duk lambobin wayar mutum saƙon cin mutunci, mai gabatarwa ya ce in yi magana kan "mata da fasaha" kawai. Na yi nawa dai.

Yadda na samu aikin: ba takardar digiri aka duba ba, wani rubutu na shafi shida aka gani, wanda na yi da kuɗin aljihuna. Don haka labarin gwaggonki kada ki bar shi a labari. Ki sami tsofaffi da manoma da masu wanki da guga talatin, ki tambaye su sau nawa suka je, nawa suka kashe, me suka rasa saboda rashin rajistar, ko an faɗa musu wata hanya ta daban. Ki rubuta. Wanda ke zaune a Oxford ba zai iya wannan ba, ke kuwa kuɗin mota ne tsakaninki da shi. Ki riƙa bibiyar Paradigm Initiative da CITAD ta Kano, da CIPIT a jami'ar Strathmore ta Nairobi, da Research ICT Africa a Afirka ta Kudu, suna neman masu irin wannan rubutu. Chevening kuma, tallafin karatu na Birtaniya, sai da gogewar aiki ta shekara biyu, ki ga ke nan zaman da kike yi a Sabon Gari ba asara ba ne.

Bakanon Samaru:

Zagezagi da son karatu, an ba ku lauya kun ce sai bincike! Wasa nake, Anti.

Digiri na biyu nake yi a kwamfuta, ina ɗan taya aikin koya wa na'ura Hausa. Ki leƙa Masakhane da HausaNLP, ƙungiyoyin masu koya wa na'ura harsunanmu, ki ga aikin su Dokta Shamsuddeen Hassan Muhammad kan NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter da aka tantance don koya wa na'ura gane ra'ayi. Wallahi lauya muke nema. Misali, an ba mu saƙonni mu ware na ƙiyayya. Zagi kai tsaye mai sauƙi ne. To habaici fa? Wasan Kanawa da Zagezagi irin wanda na yi yanzu fa, wanda na'ura za ta ɗauka faɗa ne? Mu uku muka kwana gardama kan jimla ɗaya, ƙarshe ƙuri'a muka kaɗa, kuma abin da muka zaɓa shi na'ura za ta ɗauka gaskiya. Ga Hausarku da kuke cewa "mace ne", manhaja sai ta gyara muku ita a matsayin kuskure. Sannan muryoyin da ake ɗauka daga rediyo, mallakar wa ne? Masu wannan aikin tantancewa ma, mujallar TIME ta ruwaito a 2023 cewa na Kenya ƙasa da dala biyu ake biyansu a awa. Python kuwa ki duba Arewa Data Science Academy, ba sai kin bar Zariya ba.

'Yar Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yallaɓai na PZ, ka kama ni, sashe na 37 ɗin nake shirin ɗagawa. Amma gyaran naka ya ƙara mini ƙaimi ne: idan doka ta kare wanda na'ura ta yanke wa hukunci, ta bar wanda na'ura ta kasa gani gaba ɗaya, ai giɓin ke nan da ya kamata a rubuta a kai. Ofis dai ba zan bari ba, kwas ɗin kare bayanai kuma zan tambayi kuɗinsa.

Na karanta wa Baba amsar Malam jiya bayan isha'i. Da ya ji sunan Bala Usman sai ya gyara zama, ya ce in dai irin wannan ne to ba gardama da kwamfuta ba ce, amma kada in kuskura in ajiye rigar. Ya kuma ce shi zai haɗa ni da mai unguwarmu na ƙauye.

Anti Maman Ilham, tambaya ɗaya. Yawancin matan da zan tambaya ba sa karanta boko, wasu sai ajami. Takardar amincewa fa? Ba na so in je binciken wahalar dangwala yatsa, in buɗe da cewa su dangwala mini yatsa.

Maman Ilham:

Ki karanta musu da Hausa, ki naɗi amincewarsu da murya a waya, a gaban shaida ɗaya daga gidan. Ki faɗa musu ƙarara ba daga gwamnati kike ba kuma ba rabon tallafi ba ne, in ba haka ba kafin azahar za ki ga layi har bakin titi. Sunayensu a littafi daban, amsoshi da lamba. Ki turo mini tambayoyin ta akwatin saƙo kafin ki tafi, talatin ɗin ma in sun yi miki yawa ki fara da goma sha biyar.