Tayar baya ta ishe ni da faci, dan Allah a ba ni shawara

Ɗan Agege:
Salamu alaikum ƴan uwa, dan Allah masu mashin ku taimaka min. Boxer ce gare ni ina acaɓa tsakanin Agege da Abule Egba a Legas, wlh cikin sati biyun nan sau huɗu tayar baya tana yin faci, duk sanda na je wajen mai faci sai ya zaro tiyub ya liƙe ya mayar ya karɓi kuɗinsa in tafi, bayan kwana biyu uku iska ta sake zubewa. Na jiya ne ya fi ƙona min rai, wajen goma na dare ga ruwan sama ga wata mata da buhun garin kwaki a baya kawai taya ta kwanta, masu faci duk sun tashi, haka na sauke ta na ba ta haƙuri ko sisi ban karɓa ba, na turo mashin har gida. Akwai wani yaro da ke yawo da kayan faci a leda, tsinken ƙarfe guda biyu da wasu igiyoyi masu danƙo, in saya ne ko akwai abinda ya fi shi?

Baba mai faci Mile 12:
Wa alaikumus salam. Ɗana kar ka ɓata kuɗinka, wancan kayan na taya tubeles ne wato marar tiyub, igiyar ake cusawa a ramin da ƙusa ta yi ta toshe shi. Kai wilinka na sifok ne da tiyub a ciki, in ka soka tsinken nan tiyub ɗin ma za ka ƙara hudawa. Amma ni abinda na fi so in sani, huɗun nan duk ƙusa aka ciro? Faci huɗu a sati biyu ba ƙusar hanya ba ce, ɓarawon yana cikin gida. Ka sa a fito da tiyub ɗin a gabanka ka duba inda facin suke. In ta bayan tiyub ne wajen da ke kallon ƙasa, to akwai guntun waya ko kan ƙusa da ya maƙale a jikin tayar, sai a shafa cikinta a hankali da tsumma, inda ya kama nan ne. In ta ciki ne ɓangaren rim, to robar nan da ke rufe kawunan sifok ta tsinke, sifok ne ke cin tiyub. In kuma ka ga huji biyu dab da juna kamar saran maciji, rami ka faɗa da ƙarancin iska rim ya datse shi.

Ɗan Agege:
Baba wlh ƙusa sau ɗaya kawai na gani da idona, sauran cewa yake wai tiyub ɗin ne ya gaji

Na Ikorodu:
Hhhh tiyub ya gaji, shi kuma aljihunsa bai gaji ba. Oga canza mai faci kawai

Sani Keke:
Ni na ukun nan da Baba ya faɗa na fi zargi. Tunda aka hana acaɓa a su Ikeja da Surulere da Apapa a 2022 kowa ya koma lungunan cikin unguwa, kuma kun san hanyoyin ciki da damina, ruwa ya rufe rami baka sani ba sai dai ka ji gau. Ga shi yawancinmu da ƙafa muke gwada iska, a ɗan taka a ce ta yi. Ka sa a auna maka da geji, Boxer gaba 25 baya wajen 32 in kana ɗaukar fasinja, da safe kafin taya ta yi zafi.

Na Ikorodu:
Ni dai ruwan nan da ake zubawa ta bawul nake sawa, wata nawa rabona da mai faci

Baba mai faci Mile 12:
Yana toshe ƙaramin huji, ban musa ba. Amma ranar da tiyub ya yage sosai ka kawo min sai na wanke na goge na shanya kafin sulushan ya kama, wani lokacin ma ba ya kamawa sai dai sabo. Kuma in sifok ne ke cinsa ruwan ba abinda zai hana.

Hamza Alaba Rago:
Malam maganar abinda zaka riƙe da dare, ni abinda ke ɗaure a mashin ɗina cikin tsohuwar safa shine sabon tiyub guda, liba biyu (ƙarfen ɓanɓare taya daga rim), filaya, sifanan da ke kwance wilin baya da ɗan famfon hannu. A cikin ruwa da duhu faci ba ya yiwuwa, sai wuri ya bushe an goge da samfefa an shafa sulushan an jira ya sha iska tukuna, to wa ke da wannan lokacin a bakin titi ƙarfe goma? canza tiyub ka wuce, gobe ka kai tsohon a yi masa faci mai zafi ya zama shine na ajiya. Sai dai ka fara gwadawa a gida ranar da baka fita ba, ni farkon yina libar ce ta tsunkule sabon tiyub ɗin tun kafin in sa iska, ranar har ƙwalla na yi. Ka ɗan hura masa iska kaɗan kafin ka cusa shi, ba zai naɗe ba.

Ɗan Agege:
Ƴan uwa na dawo. Baba Allah ya saka da alheri ya ƙara girma, na tsaya a kansa aka buɗe, faci uku duk ta ciki suke a jere kusan wuri ɗaya, robar rim ta tsinke ta zame gefe ga kan sifok ɗaya ya fito yana ƙyalli. An goge shi an yanko tsohon tiyub an naɗe rim ɗin, na sa sabon tiyub. Hamza liba wace iri zan saya, doguwa ko gajera?

Hamza Alaba Rago:
Matsakaiciya mai faɗin baki, doguwar ba ta shiga safa