Shin zafin rana zai iya tayar da albarushi?

Ɗan Jakara:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sani ina da tambaya. Kawuna yana cikin 'yan bindigar da suke fita hawan sallah, toh ragowar albarushinsa a wani ɗan ɗaki mai rufin kwano yake ajiyewa, kuma kun san Kano a watan Afrilu, zafi har 40 yake wucewa, in ka shiga ɗakin nan da azahar kamar tanda wlh. Inna ta tayar da hankalinta wai wata rana sai gidan ya tashi da mu. Rana kaɗai za ta iya kunna shi? Sannan wani abokina da ke Amurka ya ce su yanzu akwai wani Pyrodex da suke ɗurawa maimakon albarushi wai ya fi aminci, gaskiya ne?

Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam. Rana kam ba za ta kunna shi ba. Baƙin albarushi sai ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin salshiyos yake kamawa, rufin kwano kuwa ko ya gasu ba ya kai 100. Farar wutar da ke ciki ita ce ke sa shi saurin kamawa, don tun wajen digiri 115 take narkewa. Amma kar ka ce 300 da nisa fa, kan taba sigari in ana zuƙa ya haura 700, tartsatsi ɗaya daga murhu ko wayar lantarki da ta yi shotin ya gama magana. Wato Inna ta yi gaskiya a tsoron, ranar ce dai ta ɗora wa laifin da ba nata ba.

Shi Pyrodex kamfanin Hodgdon ne yake sayarwa tun shekarun 1970, daga baya suka fito da Triple Seven wanda babu farar wuta a cikinsa sam. Dukansu sun fi baƙin albarushi wuyar kamawa sosai, shi ya sa dokar Amurka ta fi sassauci wajen safararsu da ajiyarsu a shago. Amma wai aminci... wanda ya ƙirƙiro Pyrodex ɗin ma, Dan Pawlak, gobarar masana'antar ce ta kashe shi a 1977.

Baba Maharbi:
Yaro, malam ya gaya maka na takarda, ni bari in gaya maka na daji. Garin da ba ya kamawa da wuri shi nake tsoro a bindigar toka. Damina ɗaya albarushina ya sha raɓa, na ja kunama ƙyas, shiru, har na fara sauke ta daga kafaɗa sai ji na yi daram, ta huda ƙasa taku biyu daga ƙafar ɗan'uwana, har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. In ta ƙi tashi ka bar bakinta inda babu mutum ka ƙirga minti guda cif, kuma ko da wasa kar ka leƙa.

Malamin Kimiyya:
Haka ne Baba, Allah ya ƙara kiyayewa. Shi ya sa can ma masu bindiga mai ƙyastu ba sa yarda da Pyrodex, tartsatsin dutse ba ya isarsa, ko ya makara ko ya ƙi gaba ɗaya. Akwai wani ma Blackhorn 209, shi sai da firaima (ɗan abin da ke ba garin wuta) irin ta harsashin bindigar tsuntsaye yake tashi.

Ɗan Jakara:
Na gode Baba, na gode malam. Yanzu na tuna risho ɗin Inna a bakin ƙofar ɗakin nan yake, gashi yara na wasan ashana a tsakar gida. Matsalar waye zai gaya wa Kawu ya kwashe kayansa.

Baba Maharbi:
Ka bar wa Innar, ai ƙaninta ne.