Ajiyar masara a kakar bana: har yanzu akwai riba?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum. Waɗanda suka ajiye masara a kakar 2024 sun saya da tsada, farashi ya karye a 2025, da yawa ko uwar kuɗi ba su mayar ba. To mai jarin buhu 50, masara zai zuba wa ko ya karkata ga dawa da gero? Kuma a kasuwar hatsi ta Dawanau da ke Kano zai saya ko ya shiga kasuwannin ƙauye?

Alhaji Na Sito:
Wa alaikumus salam, Malam. Abin da aka saba shi ne a saya a Nuwamba zuwa Disamba, a fitar tsakanin Yuni da Agusta idan rumbuna sun yi ƙasa. Hakan ya biya sosai bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023 da faɗuwar naira, domin kuɗin mota ya ninka, hatsinmu kuma ya yi wa masu sefa araha, suka yi ta ɗiba. A Yulin 2024 sai gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara, alkama, wake da shinkafa na kwana 150. Naira ta ɗan tsaya, kowa kuma ya cika sito yana jiran tashin farashi. Da farashi ya fara sauka, tsoro ya sa aka fito da kaya lokaci guda, ya ƙara rugujewa.

Masara masu abincin kaji ne ke juya ta. Ka sa ido a Dawanau: in wakilansu na loda tirela kullum, za ta motsa. In sun yi shiru, sun cika rumbunansu ko sun samu a wani wuri.

Malam Mai Awo:
Yallabai, fara da lissafi. A ce buhu ya tsaya maka naira 30,000. Ɗora la'adar dillali, dako hawa da sauka, mota, sabon buhu, magani da hayar sito na wata 7. In tashin da kake hange bai rufe waɗannan ya bar maka wani abu ba, bar kuɗinka a hannu.

Inda aka fi ƙonewa shi ne danshi. Masarar farkon kaka a Saminaka, Giwa ko Doguwa ta fi sauƙi, amma takan zo da ruwa a jiki. Mai danshi kashi 18 in ta bushe zuwa 13, buhun kilo 100 zai rasa kusan kilo 6. In kuma ka ɗinke ta a haka, za ta yi zafi, ta yi fumfuna, kamfani ya ƙi karɓa. Ciji ƙwaya: busasshiya ƙaras take fashewa. Sa bututu ka zaro daga tsakiya da gindin buhu, don a baki ake zuba mai kyau. Ka auna a sikeli, kada ka dogara da cewa kwano 40 ne. A jera a kan katako, nesa da bango. Buhun PICS mai leda biyu a ciki ba ya buƙatar magani, matuƙar ba a huda shi ba. Ƙwayar maganin ƙwari ta Phostoxin kuwa kada a kuskura a sa ta a ɗakin da ake kwana, tana kisa.

Hajiya Mai Gero:
Ɗana, kada ka zuba duka a abu ɗaya. Gero ya fi masara jure ajiya, kuma yana da lokacinsa: gab da azumi masu kunu da fura kan ɗaga shi. Nijar ta hana fitar da hatsi a Oktoban 2024, don haka a riƙa tambayar abin da ke shigowa ta kasuwar kan iyaka ta Maigatari kafin a yanke shawara. Dawa farfara tana da masu saye na kamfani, kaura ta fi tafiya wajen masu tuwo da dabbobi. Mai buhu 50 ya saya a Dawanau kashi biyu ko uku, tsakani da mako biyu, domin kuɗin motar ƙauye zai cinye rangwamen.