Kaset ɗin muryar kakarmu ya maƙale, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kakarmu ta rasu a Garwa kafin azumi, Allah ya jiƙanta. Ba ta da takardar haihuwa, amma takan ce tana goyon babanmu Kamaru ta samu 'yanci a 1960, zamanin Ahijo, to ku ƙiyasta. Da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta riƙe gida har ta aurar da jikoki.

Lokacin da baffanmu yake aiki a Injamena, sai ta riƙa naɗar saƙo a kaset, direbobin Kuseri su kai masa. Gaisuwa, nasiha, har da faɗa idan ya daɗe bai aiko ba, don ba ta da wasa. Yanzu ya dawo mana da su cikin tsohuwar samira.

Ɗaya muka saka, rediyo ta cinye zaren, ya cukurkuɗe. Sauran sun yi funfuna fari-fari, na zura biro na juya, sun ƙi motsi. Mai gyaran rediyon unguwarmu ya ce ya daina wannan aikin.

Da me ake goge funfunar ba tare da muryar ta lalace ba? Kuma akwai wanda ya san mai mayar da kaset cikin waya a Garwa ko Marwa?