Tambaya kan wani Groschen na zamanin Ferdinand II da na kasa gano maƙerarsa

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana tsofaffin sulallan Jamus a kan wani ƙaramin sulen azurfa da ke hannuna, irin wanda ake kira Groschen. A fuska ɗaya akwai ƙwallon sarauta mai gicciye a kansa da lamba 24 a cikinsa, wato kashi ɗaya cikin 24 na Taler (babban sulen azurfa na wancan zamani), kuma a gefe ana iya karanta sunan Ferdinand II, wanda ya hau gadon Daular Roma Mai Tsarki (Holy Roman Empire) a 1619. Ɗaya fuskar ce ta gagare ni, domin garkuwar tambarin sarautar da ke kanta ta goge har ba a bambance dabbar da ke ciki, zaki ce ko doki, sunan mai ƙasar kuma babu shi sam.

Nauyinsa bai kai giram ɗaya ba, kuma a wuraren da hannu ya ci, jan tagulla ya fito fili. Wannan ya sa nake zaton na lokacin rikicin kuɗin da ake kira Kipper und Wipper ne, tsakanin 1619 da 1623, sa'ad da sarakuna irin su Friedrich Ulrich na masarautar Braunschweig-Wolfenbüttel suka buɗe maƙeru barkatai suna rage azurfa, wasu maƙeran ma suna ɓoye sunan ubangidansu da gangan.

Shin akwai alamar da za ta raba sulen wancan zamani da jabun da aka ƙera daga baya, tunda dukansu tagulla ta yi musu yawa? Kuma ta yaya zan gano maƙerar ba tare da na wanke shi ba? Ina gudun wankin ne saboda siririn farin azurfar da ya rage a samansa zai iya tafiya gaba ɗaya.