Wai kare ma yana da tarbiyya? Muhawarar zauren unguwa a Gombe

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Yau sai na amayar da abin da ke cina. Wata uku ana yi da ni a layinmu na Tumfure, wai na ajiye mugun kare, har da masu cewa a ba shi guba. Ban musa ba, karena Duna ya taɓa yaga rigar wani almajiri, kuma kwana yake yana haushi. Amma laifina ne. Tun yana kwikwiyo na ɗaure shi da sarƙa a gindin darbejiya dare da rana, in ya yi haushi in zabga masa dorina. Da na gaji sai na kai shi wajen wani mai horar da karnuka. Bawan Allahn nan ko sau ɗaya bai ɗaga masa hannu ba. Hanta ya soya, ya yayyanka ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, ya zuba a aljihu. In Duna ya yi tsalle ya ɗora masa ƙafa a ƙirji, sai ya juya masa baya, ko kallo bai ishe shi ba. Da ƙafafun nan huɗu sun taka ƙasa, sai hanta a baki. Ya ce min in ka yi jinkirin ba shi, kare ba zai gane abin da aka saka masa a kai ba. Minti goma da safe, minti goma da yamma, sai yawo kafin rana ta ɗaga. Yau sati shida, in na ce "zauna" ya zauna, yara na wucewa ko kai ba ya ɗagawa. Mutumin ya ce kowane kare da alheri a cikinsa, tarbiyya ce ke fito da shi. Masu neman a kashe shi, ku zo ku gani da idonku.

Malamin Bolari: Wa alaikumus salam. Tarbiyya ka ce? Gyara harshenka, Baban Khalifa. Tarbiyya ta ɗan Adam ce, mai hankali, wanda za a yi wa hisabi. Dabba horo ake yi mata.

Maman Ilham: Allah ya saka, Malam. Ni ma nan ne ya tsaya min a wuya. Kalmar da nake faɗa a kan 'ya'yana, a ɗauke ta a ɗora wa kare?

Ɗan Jekadafari: Allah gafarta Malam, ai daga Larabci muka aro kalmar, kuma su Larabawan kiwon shanu da kaji ma tarbiyya suke ce masa.

Malamin Bolari: Hausa muke yi a nan, yaro. In kuma Larabcin kake so, duba aya ta 4 a Suratul Ma'ida inda aka halatta abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo. Koyarwa aka ce. Ba a ce tarbiyya ba.

Baban Khalifa: To a kira shi horo, a kira shi kome. Ni maganata ita ce an gyara shi ba tare da duka ba.

Maman Ilham: A'a Yaya, ba kome ba ne. Ka rubuta a gaban mutane, sai ka janye a gaban mutane.

Kawu na Kumo: Ku yara kuna ba ni mamaki. Tun kafin a haifi wasunku nake shiga daji da karnuka, ban taɓa soya wa kare hanta ba. Kwikwiyo bin manya yake yi ya koya. Ranar da ya kamo zomonsa na farko, a nan wurin nake farke cikin in miƙa masa kayan ciki da ɗuminsu. Daga ranar ya san aikinsa.

Ɗan Jekadafari: Kawu, ai abin da mai horon ya yi ke nan. In kare ya yi daidai, a saka masa nan take. Tun shekarun 1930 wani Ba'amurke, Skinner, ya gwada haka da ɓeraye: halin da aka saka wa da abinci shi dabba ke maimaitawa.

Kawu na Kumo: Kada ka haɗa ni da masu karen Turawa, kuma kada ka kawo min ɓera cikin zancen farauta.

Abu Sumayya: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Me ya kai najasa cikin gidan Musulmi tun farko? Hadisi ya tabbata, wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, kullum ana rage masa lada.

Malamin Bolari: Hadisin rage lada gaskiya ne, amma ka cire kalmar najasa. A mazhabar Imamu Malik kare mai rai tsarkakakke ne. Wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai kuwa bin umarni ne. Haka muka karanta a gaban malamanmu.

Abu Sumayya: Shafi'iyya da Hambaliyya najasa suka ce. Mu dalili muke bi, ba "haka muka tarar" ba.

Malamin Bolari: Su waye "mu"? Fito fili ka faɗa.

Maman Ilham: Malam, yanzu kai ma kana bayan karen ke nan?

Malamin Bolari: Ina bayan fiƙihu, Hajiya. Kan tarbiyya kuwa ina nan inda nake.

Anti mai aikin dabbobi: Don Allah ku saurare ni. Tun ɗazu ba wanda ya tambaya ko an yi wa karen nan allurar rigakafin haukar kare. Daga wata uku ake fara yi, a riƙa maimaitawa duk shekara, kuma a cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos ana sarrafa allurar. Almajirin da aka yaga wa riga, haƙori ya taɓa fatarsa? In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a wuce asibiti a ranar. In aka bari alamomi suka fito, da wuya a tsira. Horo ba ya maganin wannan.

Baban Khalifa: An yi masa, Anti, katin yana nan. Yaron kuma riga ce kawai, na duba da kaina, na saya masa wata.

Alhaji na ƙarshen layi: Ka saya wa almajiri riga, madalla. Akuyata da karenka ya kora ta faɗa kwata ta karye fa? Har yau ko sannu.

Baban Khalifa: Ranka ya daɗe, akuyar da ta cinye min zogale har saiwa? Na yi shiru ne don girmanka.

Alhaji na ƙarshen layi: Zogale nawa yake, akuya nawa take?

Shugaban zaure: Ya isa haka. Ga taƙaitawa: jama'a sun yarda da Malam cewa tarbiyya ta mutum ce, kare horo ake yi masa, kuma Baban Khalifa ya amince. Malam ya warware batun najasa da hujja, wanda bai gamsu ba ya same shi a makaranta. Maganar akuya a kai wa mai unguwa. Sauran zantuka ba su shafi zauren nan ba.

Abu Sumayya: Wace jama'a? Kowa ya san a wajen wa kake ɗaukar karatu.

Baban Khalifa: Ban amince da kome ba, cewa na yi a kira shi duk abin da aka ga dama. Gobe bayan sallar asuba zan fito da shi yawo, ta ƙofar gidan Alhaji za mu bi. Kawu, in kana gari ka zo.